Gizagon Kawu a Bangon Gidan Abinci

Jiya a wani gidan abinci a unguwar Sultana na ga gizagon marigayi Kawu rataye a bango, an mai da shi ado. Ƙotar da guminsa ya baƙanta na gane.

Da shi Kawu ya fara koya min sassaƙa a unguwar Ranuna, ranar da na ce ina son allon hawan igiyar teku in kai shi bakin teku a Yanbu. Ƙamshin katako ya cika tsakar gida. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, gizago da zarto da magagari sun ishi mai koyo. In na mutu, naka ne."

Bayan jana'iza ɗansa ya rantse min sun ɓace.

Kawu, Allah ya haskaka kabarinka. Ɗanka kuwa, na bar shi da Allah.