Tayoyin Baffa Sale da Lallen Inna

Ranar wata Laraba ce da la'asar, a farkon daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Muna ƙofar gida ni da ƙawayena muna 'yar carafke, sai muka ji wani gurnani daga wajen gonaki, har awakin da ke ɗaure suka hau fizgar turke. Can sai ga a-kori-kurar Baffa Sale, ƙanen mahaifina, ta kunno kai. Motar ce dai da muka sani, fara mai tsatsa a gindin ƙofa, wadda kullum take kai buhunan gero da wake kasuwar Dawanau, amma an ɗora ta a kan wasu jibga-jibgan tayoyi masu haƙora, kowace ta kusa kawo mini ƙirji, duk sun turo waje sun wuce faɗin bodin. Sai ka ce an sa wa ɗan yaye takalmin babansa. Baffa ya buɗe ƙofa zai sauko, ƙafarsa ta nemi ƙasa a inda ta saba samunta ba ta samu ba, ya tafi luu, saura ƙiris ya sha ƙasa. Ya gyara hula, ya ce mu matsa, wannan ba motar wasan yara ba ce. Mu kuwa muka toshe baki da gefen hijabi muna ta ƙyaƙyatawa.

Baffa Sale shi ne autan kakarmu Inna, kuma tun yana goye aka sangarta shi. Mutum ne da in ya ga abu a jikin wani, barci ya ƙaurace masa sai ya ga irinsa a nasa. A Dawanau ya ga motocin wasu masu aikin hanya da manyan tayoyi, shi ke nan ciwon ya kama shi. Ya shiga birni wajen masu sayar da tsofaffin tayoyi, bai tambayi lambar da ta dace da motarsa ba, bai duba shekarunsu ba, ya dai nuna waɗanda suka fi kowanne girma. Uku iri ɗaya, ta huɗun daban, har zanen haƙoranta ba irin na sauran ba ne. Wai hujjarsa taɓon damina. Wane taɓo? Ƙauyenmu da ke tsakanin Tofa da Bici jigawa ce, ko kwana aka yi ana ruwa, kafin hantsi ƙasa ta shanye abinta. Daga ƙofar gidanmu zuwa kwalta kuwa ba ta kai tafiyar da nake yi da ƙafa zuwa makaranta ba. Girman kai ne kawai, rawanin tsiya.

A wajenmu ba a san fili na banza ba. Gona na manne da gona, gida na manne da gona, hanyar da ke ratsa tsakani kuwa iyakar faɗinta amalanke ɗaya. Kowa da abin da yake kafa iyaka da shi, wani gamba, wani aguwa. Ita Inna da lalle ta kewaye 'yar gonar da ta gada a wajen mahaifinta, wadda ke daidai kwanar da ake shigowa gari. Wannan shinge shi ne shaidarta, shi ne kuma sana'arta. Ni nake kwana a ɗakinta, don haka da ni ake komai. In na dawo daga makaranta na kai wa su Baba abinci gona, na yanko wa awaki ciyawa, sai mu bi shingen da ƙwarya muna zage ganye. Mu shanya a inuwa don kada rana ta kashe masa kore, mu daka a wani ƙaramin turmi da ba a taɓa sa masa hatsi ba, mu tankaɗe. Mata har daga ƙauyukan maƙwabta suke aiko yara sayen lallen Inna, don in ya kama ƙafa sai ya yi jawur kamar zai yi magana. Lokacin da yake fure kuwa, ƙamshinsa ne ke fara tarar baƙo kafin ya ga rufin gida ko ɗaya.

Tun a makon farko tayoyin suka fara cin shingen. Sun fi hanyar faɗi, ga shi in Baffa ya murza sitiyari sosai sai su riƙa gurzar bodi suna ƙara, dole sai ya yi kwana mai faɗi. A ɗaya gefen gonar mai unguwa ce, a ɗayan ta Inna. Ba sai na faɗa muku ɓangaren da jarumin ya zaɓa ba. Ko ganye ɗaya na aguwar mai unguwa bai taɓa karyawa ba, amma kullum safe da yamma sai ya murƙushe wa uwar da ta haife shi reshe biyu uku. Nakan tsince su in kawo mata ina huci, in ce ta yi masa magana. Sai ta karɓa ta zage ganyen a ƙwarya, ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Baba ya yi masa faɗa sau ɗaya, Baffa ya ce hassada ce, daga nan Baba ya zuba masa ido.

A kan kwalta kuma wani bala'in ne daban. Motar ta koma shan mai kamar rairayi, kukan tayoyin ya hana fasinja jin maganar juna, kuma da ta ɗan ɗau gudu sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa, har haƙoran na gaba su riƙa haɗuwa. Yanzu da nake tuƙa tawa motar na san maganin ba wuya gare shi: a ɗora taya a injin da ke juya ta, a gano ɓangaren da ya fi nauyi, a manna 'yar darma a ɗaya gefen. An gaya wa Baffa haka, ya ce shi ba zai je birni a mai da shi baƙauye ba. A wajen hira ya tsinto labarin cewa direbobin manyan motoci suna zuba wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin taya, in tana juyawa su baje su daidaita nauyin. Bai tsaya jin ko ƙwayoyin mene ne ba. Mutumin da ya tashi a cikin hatsi, ƙwaya ɗaya ya sani. Ya sa mai faci ya kwance tayoyin, da yake ba su da tub a ciki, aka ɗura wa kowace mudun dawa, aka mayar aka yi famfo. Ya dawo gida yana cika baki, wai ya yi wa Bature wayo da abin rumbunsa.

Kwana biyu abin ya yi kamar ya lafa, Baffa har da tara mutane a gindin dalbejiya yana ba su darasi. Amma damina ce, iskar da aka ɗura da danshinta, ga zafin kwalta, ga niƙa safe da yamma. Dawa ta farfashe ta zama gari, gari ya jiƙa ya cure wuri guda. Ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya shigo da gudu don samarin da ke bakin hanya su gani. Muna cikin gonar ni da Inna. Na ga gaban motar na karkarwa, na ga Baffa na kokawa da sitiyari, sai kawai ta bar hanya ta hau shingen ta bi shi a tsaye, tana tumɓuke saiwoyin da suka girmi Baffa, har ta je ta kafe a cikin kunyoyin gyaɗa. Inna ta yar da ƙwarya ta ruga tana salati, ba shingen ta duba ba, Baffa ta hau shafawa ko ya ji ciwo. Ko ƙwarzane babu. Shanun huɗa aka kawo suka jawo motar, abin da taya ta rage kofato ya ƙarasa. Da aka kwance tayar gaba, wani curin ƙullu mai tsami ya faɗo, warinsa ya kori har kaji. Gari ya yi wata guda yana dariya, Baffa ya mayar da tsofaffin tayoyinsa a ɓoye.

Dariya ta ƙare, amma wurin ya riga ya buɗe. Masu amalanke suka ga kwanar ta yi daɗin bi, masu babur suka biyo, sannan motocin taki. Ni da Inna muka yanko rassa muka dasa, muna ɗebo ruwa a tulu muna ba su, kafin su yi toho an bi ta kansu. Muka sake, aka sake. Baba ya ce a kai magana gaban mai unguwa, Inna ta hana, don in an zauna dole a tambayi wanda ya fara karya shingen, ita kuwa ba za ta tsayar da autanta a gaban jama'a ba. A kan idonta kunyoyin bakin gonar suka daskare suka zama turba. Da bikin yayata ya zo, da kanta ta aike ni kasuwa na sayo lallen ƙunshin amarya, ta ce in biyo ta bayan gari kada mata su gani.

Yau in na je gida, wannan kwanar ta zama shimfiɗeɗen titi, an zuba masa jar ƙasa, tirela ma tana shiga ɗaukar hatsi. Babu shinge, babu ƙamshin fure, 'yan matan gidanmu lallen leda suke saya ba su san kamannin ganyensa ba. Inna ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Baffa Sale ya yi furfura ya je Makka, yana zaune a kan darduma ana kawo masa gaisuwa. Kwanan baya na tsaya tambayar wani yaro gidan wata ƙawata, ya nuna mini da hannu ya ce in bi Titin Alhaji Sale, ai shi ne bawan Allahn da ya buɗe wa gari hanya. Na yi masa godiya na ja motata a hankali, ina tafiya a kan gonar Inna.