Pyo Jae-muk, wanda ya zaunar da Gap da Eul

Ranar Talata, 4 ga Maris, 2025, Allah ya karɓi ran Pyo Jae-muk a wani asibiti a Seoul, bayan doguwar jinyar ciwon hanta. Ɗiyata Da-som ce ta buga mini waya ta faɗa mini. Ita ce wadda matarsa ta fara kira, ba ni ba, ni da na san shi tun Da-som tana firamare.

Jae-muk, a unguwar Sillim muka haɗu, a ɗakin karatun masu shirin jarrabawar shiga makarantar lauyoyi. Na girme ka, don haka da hannu biyu kake zuba mini shayi. Iyakar fifikon da na yi maka ke nan.

Duk wanda ya zauna wannan jarrabawa ya san tambayoyin. Za a zaunar da mutane a teburi, Gap da Eul da Byeong da Jeong, sunayen da ba na kowa ba. Gap ba ya zama kusa da Eul. In Byeong ya faɗi gaskiya, Jeong ƙarya yake yi. Sai a ce ka gano inda kowa zai zauna. Ni sai in zana gidaje a takarda, in bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya har lokaci ya ƙare. Kai kuwa sai ka jingina da kujera ka ce: “Yaya, Gap da Eul wa da ƙane ne, sun ɓata a kan gonar ubansu. Jeong surukinsu ne, bakinsa ba ya riƙe gaskiya, kai shi bakin ƙofa.” Sai amsar ta fito daidai. Na ce maka wannan ba ilimi ba ne, tsegumi ne. Ka ce ai shari'a ma tsegumi ce da aka ɗinka wa riga.

Na yi ta zama ina faɗuwa, har na haƙura na koma aikin jarida. Kai zama ɗaya ka yi ka wuce. Ka gama makarantar, ka ƙi shiga kotu, ka dawo Sillim kana koyarwa a wani ɗan ɗaki a saman gidan abinci. Abin da na nema ban samu ba, kai ka samu ka ajiye gefe. Har yau yana ci mini rai.

Ɗalibanka ba su san ka da rowa ba. Gab da jarrabawa kakan raba musu alewa mai danƙo don amsa ta manne musu. In sakamako ya fito, waɗanda suka faɗi kake fara nema. Akwai yarinyar da ta kasa fuskantar iyayenta, ka hau jirgin ƙasa ka raka ta har garinsu Mokpo, ka zauna a gabansu ka ce gazawar koyarwarka ce.

Da Da-som ta ce lauya take so ta zama, na zaunar da ita na zana mata gidajena. Ta saurara cikin ladabi, sannan ta ce bari ta tambayi Kawu Jae-muk. Daga nan a ɗakinka take yini. Takan dawo tana dariya ita kaɗai, in na tambaya ta ce Jeong ne ya sake yin ƙarya, ba zan gane ba. Da aka ɗauke ta a makarantar lauyoyi a watan Disamba, daga bakinka na ji, kana gadon asibiti. Ka ce: “Yaya, 'yarmu ta ci.” Na yi murna, Allah ya sani. Amma kalmar 'yarmu ta tsaya mini a wuya.

Allah bai ba ku haihuwa ba. A zauren makoki, matarka Seol Gyeong-ae ce kaɗai a tsaye gefen hotonka tana karɓar masu gaisuwa. Da-som ta tare ni a baranda, ta buɗe tafin hannunta. Ɗan farin ƙyallen nan ne da 'ya'yan mamaci mata suke maƙalawa a gashi.

“Baba, ba zan sa ba sai ka yarda.”

Na so in ce mata ubanta yana raye. Na leƙa na ga Gyeong-ae, ƙafafunta har sun kumbura don tsayuwa. Na karɓi ƙyallen na maƙala wa Da-som da hannuna.

Sannan na bi layin baƙi. Na ajiye fure a gaban hotonka, na durƙusa na gaishe ka. Na juya ga iyalan mamaci na rusuna, ɗiyata ta rusuna mini ta ce ta gode da na samu zuwa.

Allah ya jiƙan ka, Jae-muk, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Allah ya ba Gyeong-ae haƙuri, da 'yan'uwanka, da ɗalibanka da suka cika baranda har matakala. Ya ba Da-som haƙurin rashin uba, ni kuma ya ba ni haƙurin rarrashinta.