Bikon da Ban Je Ba

Ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata mukan haɗu a wani laburare da ke unguwar Harlem, nan ƙasar Turawa, mu goma sha wani abu, kowa da littafinsa a hammata da ra'ayinsa a baka. Littattafan almara muke karantawa, na dodanni da matsafa, da na jiragen da ke zuwa wasu duniyoyi, wani lokacin kuma mu koma kan tsofaffin nan masu kauri da ake tilasta wa yara a makaranta. Ni ne sarkin musu a wurin, ba na ɓoyewa. In marubuci ya yi tuntuɓe a shafi na ɗari uku, ni zan tono shi. A zaman da ya wuce muna kan wani littafi ne da mai shi ya mutu bai ƙarasa ba. Rifkatu, wata nas 'yar Jos, wadda ban da ni ita kaɗai ke jin Hausa a cikinmu, ta buga tebur ta ce marubucin da ya bar mutum a tsakiyar hanya ya ci amana, ko mutuwa ba uzuri ba ce. Aka kwashe da dariya. Sai ta juyo ta ce mini da Hausa, “Malam Bashir, lafiya yau ka yi shiru? Ko bakin ya tafi hutu ne?”

Na ce mata lafiya lau, amma ƙarya na yi. Ni ma ina da labarin da ya tsaya a tsakiyar hanya, kuma a nawa mai sauraro ne ya ci amana.

Ina ɗan shekara tara Iya ta zo mana daga Katsina. Mahaifiyar Baba ce. Baba yana tuƙin tasi, Umma tana jinyar tsofaffi a gidajensu, dukansu ba sa dawowa da wuri, shi ya sa aka ɗauko Iya ta zauna da ni da ƙanwata Hadiza a hawa na biyar na wani dogon bene a titin Grand Concourse. Sunan marigayi mijinta aka sa mini, saboda haka har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, Maigida take ce mini. “Maigida, yau ma ba cefane?” Ni kuma in ce ai tun jiya na sake ta, wa zai ajiye tsohuwar da ba haƙori. Ta ce wa zai auri mai kai kamar tulu in ba ita da ta rufa mini asiri ba. Wasan jika da kaka ke nan, ba mai jin haushin wani.

A Katsina a bakin murhu take yi wa su Baba tatsuniya. Makonta na farko a wurinmu ta hura gawayi a ɗan kaskon turaren da ta zo da shi, ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka, maƙwabta suka fito da jarirai a hannu. Daga ranar kasko ya koma ƙasan akwati. Sai ta mai da hita murhunta, ƙarfen nan da ke jikin bango yana ɗumama ɗaki. Takan shimfiɗa darduma kusa da ita ta miƙe ƙafafu, ta ce, “Wannan murhu naku ba wuta ba hayaƙi, sai tari kamar tsoho mai mura.”

Dokarta ɗaya ce, ba a tatsuniya da rana. Lokacin zafi mukan sha jira, don rana a garin nan sai ta ga dama take faɗuwa. Amma da sanyi kafin biyar duhu ya shiga, ana idar da magariba mu ci tuwo mu zauna. Ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Mu ce, “Ta zo mu ji ta.” In amsar ba ta fito da ƙarfi ba, ba za ta fara ba. Takan ce tatsuniya baƙuwa ce mai kunya, in ta yi sallama ba a amsa ba, ba ta shiga gidan mutane. Hadiza ƙarama ce ƙwarai, kafin a kai rabi ta yi barci a cinyar Iya, don haka in gaskiya za a bi, ni kaɗai ne jama'ar. Na so waɗannan maraice fiye da yadda na sani a lokacin.

Shekara uku muna haka, sai na gano laburaren unguwarmu. Na fara kwaso littattafai masu taswira a shafin farko, masu jerin sunayen sarakuna da kakanninsu, labari ɗaya juzu'i uku. Kaina ya fara kumbura. Ina zama dai wurin Iya, amma da littafi a gwiwa, ina amsa mata da rabin baki. Wata rana ta ɗauki ɗaya ta jinjina nauyinsa ta ce, “Duk wannan labari ɗaya ne? Shi mai shi ba shi da aikin yi?” A wannan shekarar ce kuma na fara jin kunyar rakiyar da take yi mini zuwa makaranta, da zaninta yana leƙowa ƙarƙashin tsohuwar rigar sanyin Baba. Na ce ta riƙa tafiya a bayana, da ɗan tazara. Ba ta yi musu ba. Ta ce, “Maigida gaba, iyali baya, ai haka ake yi.”

A sanyin da na cika sha biyu ta ɗauko wata tatsuniya da ba ta yi kama da nata na kullum ba. Nata a zama ɗaya suke ƙarewa, ta ce ƙurunƙus, a tashi. Wannan kuwa ta kai wani wuri ta tsaya, ta ce sai gobe.

Labarin wani madugu ne mai saurin tafiya, wanda ba ya waiwaye. Shekara arba'in inuwarsa tana binsa, cikin ƙaya, cikin taɓo, har ƙetaren kogi. Rannan ya wayi gari ya fita rana, ya ga ƙasa fayau, ba inuwa. Ta yi yaji. Da farko cewa ya yi ta gaida na gaba, ai kaya ne ya ragu. Amma da ya shiga kasuwa ba wanda ya yarda ya taya hajar mutumin da ba shi da inuwa, yara suka watse, jakinsa ma ya ƙi binsa. Wata tsohuwa mai daddawa ce ta ji tausayinsa. Iya ta sirantar da murya ta kwaikwaye ta: “Ɗan nan, wadda ta yi yaji ba a aika mata saƙo. Da ƙafa ake zuwa biko.”

Washegari madugu ya nausa gabas, inda inuwoyi ke miƙewa in rana ta yi yamma. Ya yi ta tambaya ba wanda ya san hanya, sai inuwar giginya, ita da kullum take nesa da gida. A rana ta uku ya isa ƙofar garin inuwoyi. Mai gadin ƙofar inuwar wata tsohuwar kuka ce da aka daɗe da sarewa. Ta ce masa, “Ba mai shiga biko a nan sai ya faɗi laifinsa da bakinsa. Me ka yi mata?” Madugu ya ce bai zage ta ba, bai doke ta ba, bai taɓa hana ta komai ba. Mai gadi ta ce, “To koma gefe ka zauna ka tuna.” Iya ta gyara wa Hadiza kwanciya ta ce sai gobe.

Goben nan ce aka ba ni juzu'in ƙarshe na wani littafi da na yi makonni ina jiran layinsa. Bayan magariba Iya ta shimfiɗa darduma, Hadiza ta riga ta ɓingire. Ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Ban ɗago ba. Ta sake faɗa. A karo na uku har da ɗan taɓa ni da yatsan ƙafa. Ina kallon shafi na ce mata da Turanci labarin “boring” ne.

Ta dafa ƙirji. “Bori? Ni ce mai bori? A'uzubillahi, Maigida, ni da na je Makka?” Ta yi ta dariya har da hawaye.

Allah Ya ba ni ƙofar fita a nan. Da na yi dariya tare da ita, da maganar ta bi sahun sakin da nake yi mata kullum. Amma ni mai ilimi ne, ba zan bari a yi mini mummunar fassara ba. Na rufe littafi, na zaɓo Hausata mafi kyau don kada ta kuskure ko kalma ɗaya. Na ce ba bori ba, ina nufin ba daɗi. Na ce inuwa ba ta tafiya ko'ina, haske ne aka tare, an koya mana a makaranta. Na ce labarinta ba taswira, ba sunan gari, madugun ma ko suna ba shi da shi. Na ɗaga littafin na ce, “Wannan shi ne labari. Naki na yara ne.”

Iya ta san muryar wasata, ta kuma san wannan ba ita ba ce. Ta dube ni, ta dubi littafin. Can ta yi murmushi ta ce, “To, Maigida, na yi yaji. In ka shirya ka zo biko.” Ta naɗe darduma, ta saɓi Hadiza ta shiga ɗaki.

Ba ta sauya mini fuska ba bayan haka. Ta ci gaba da dafa mini ɗanwake, tana tambayata cefane, tana bina a baya zuwa makaranta. Amma ba ta ƙara cewa ga ta nan ba. Bayan magariba takan zauna gefen hita da carbi, jefi-jefi ta dube ni. Na san abin da take jira, kalmomi biyar ne kawai, kuma wallahi ina son jin abin da madugu zai ce. Girman kai ne ya hana ni, kullum sai in ce gobe. Da sanyi ya wuce gwiwoyinta suka matsa mata, ta ce gida take so. A filin jirgi ta kama kunnena ta ce, “Maigida, har yanzu fa ina gidanmu.” Na yi dariya na zame. Daga nan sai gaisuwar waya, ita ma tana gajarcewa yadda Hausata ke gajarcewa. Ina shekarar ƙarshe a sakandare aka bugo cewa ta rasu.

Sama da shekara ashirin ban tambayi kowa ƙarshen labarin ba, don tambayar tana nufin in faɗi abin da na yi. Ranar da Rifkatu ta buga teburin nan, daga laburare jirgin ƙasa na layin D na hau zuwa gidan su Umma, suna nan a hawa na biyar ɗin. Na ba Baba labarin madugu, ya girgiza kai ya ce duk tatsuniyoyin Iya ya haddace su, babu wannan a ciki. Umma ce ta ajiye ludayi ta fito daga kicin.

“Ai ba za ka same shi wurin kowa ba,” in ji ta. “Ita ta ƙaga shi. Ta tambaye ni me ke cikin littattafan nan da suka raba ta da kai, na ce labari ne ɗaya da ake kwanaki ana karantawa. Ta ce to ita ma za ta yi wa Maigida mai kwanaki. Ranar da ba ni da aiki nakan gan ta tana tsintar wake tana motsa baki, ba ta fitar da murya, wai kada ta yi tatsuniya da rana. Na ɗauka ta gama maka shi tuntuni.”

Na karanta littattafan da ban san adadinsu ba, zan iya ƙaga wa madugu ƙarshe goma kafin shayi ya huce, kuma a zamanmu na Asabar zan iya kare kowanne. Amsar da mai gadi ke nema ma ina jin na san ta yanzu. Bai zage ta ba, bai doke ta ba, waiwayawa ce bai taɓa yi ba. In na tuna haka sai in ga tsohuwa da rigar sanyin ɗanta tana taka dusar ƙanƙara a bayana, da tazarar da na yanka mata. Ban sani ba ko da ni take, ko kuwa so kawai take ta ga na ɗago kai daga littafi. Abin da ba zan taɓa sani ba shi ne ko inuwar ta yarda ta dawo. Mutum ɗaya ce ta sani, ta kuma yi mini sallama sau uku da shi a bakinta.

Baba ya tafi masallaci, Umma ta koma kan miyarta. Duhun sanyi ya riga ya shiga, hitar nan ta dā tana ta tarinta a jikin bango. Na zauna a ƙasa inda nake zama, na dubi inda dardumar take shimfiɗuwa, na ce, “Ta zo mu ji ta.”

Daga kicin Umma ta ce, “Bashir, da wa kake magana?”

Na ce, “Ba kowa, Umma.”