Ranar da Aka Baje Wuƙaƙena a Bakin Hanya

Ana sallame sallar asuba muka fito daga Nassarawa GRA, ni da direbana, masu gadi ko fitilun ƙofa ba su kashe ba. Wanda ya san ni ya san cutata: tara ƙananan wuƙaƙen aljihu na gargajiya, masu naɗewa da masu kube. Labari na samu na wani tsohon maƙeri a wani ƙauye can gefen iyakar Katsina, wanda har yanzu yake yi musu mariƙi da ƙahon rago.

Titi lafiya lau har Bichi, inda muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ne ya yi ƙiba. Daga nan muka saki kwalta muka bi burji. Gero ya yi kyau a gonaki, amma babu kowa a ciki. Direba ya kashe rediyo.

Tsohon ya karɓe mu hannu bibbiyu. Hannunsa na rawa, amma da ya kama guduma sai rawar ta tsaya. Na saye duk waɗanda ya gama, na naɗe a tsumma, na cusa ƙarƙashin kujera.

A hanyar dawowa 'yan sa-kai suka tare mu da kututture. Ashe an kai hari ƙauyen gaba a makon nan. Suka ce mu fito. Ɗaya ya zaro tsumman ya baje a kan bonet, wuƙaƙen suka hau ƙyalli a rana. Mutane suka fara taruwa.

"Alhaji, wa za ka kai wa waɗannan?" in ji shugabansu, wani dattijo riƙe da bindigar toka.

"Tarawa nake yi, Baba. Sha'awa ce kawai."

"Sha'awa?"

Daga baya wani ya ce ni infoman 'yan bindiga ne. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Na duba waya, babu sabis.

Direba ne ya roƙi a koma wurin maƙerin a tambaye shi. Dattijon ya shiga bayan mota, bindiga tsakanin gwiwoyinsa, bakinta daf da ƙeyata. Duk ramin da muka faɗa sai na runtse ido.

Maƙerin ya shaide mu, ya nuna alamarsa a jikin kowace wuƙa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana na cikin waɗanda muka binne. Ku kama hanya tun da rana." Na yi masa ta'aziyya, ya ɗaga hannu kawai.

Mun shigo Kano kafin magariba, ko ruwa ba mu tsaya sha ba. Na koyi cewa baƙo ya fara da gaida mai gari, ya faɗi abin da ya kawo shi kafin a tambaye shi. Na kuma gane abin da nake jerawa a kabad ɗin gilashi ina nuna wa baƙi, a can ganinsa kaɗai kan tayar wa mutane da hankali. Har yau ban iya jera sababbin ba.