Jif ɗin Malam

Shekarar da na yi ritaya daga aikin gwamnati na mayar da hankalina kan gonar da na gada wajen mahaifinmu. Gonar tana can gaba da Rigacikun, sai an sauka daga titin Zariya an bi hanyar ƙasa. Da rani ƙaramar motata takan kai ni har bakin gona. Da damina kuwa sai dai in ajiye ta a bakin titi in hau babur ɗin haya, kafin in isa zanena ya yi kaca-kaca da taɓo. Maigidana ya gaji da jin mitata, ya ce in nemi jif ta hannu, amma kada in sa shi cikin maganar, don shi bai san komai a mota ba in ban da inda ake zuba mai.

Wata maƙwabciyarmu a Doka ce ta ba ni labarin wani malamin Alƙur'ani a Unguwar Kanawa da yake son sayar da jif. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya ba shi ita kyauta bayan ya hau ta wasu shekaru. Malam bai iya tuƙi ba, ɗansa ne ke jan sa, ɗan kuma aiki ya mayar da shi Abuja.

Na nemi ƙanen mijina ya raka ni. Ma'aikacin ofis ne, amma babu abin da yake so a duniya kamar a ce ya san mota. Ranar Asabar da hantsi ya iso da tocila, da tsohuwar tabarma, da ɗan maganaɗisu a aljihu. Tun daga ƙofar gida ya fara yi mini huɗuba.

"Matar yaya, in mun je kada ki yi murmushi, kada ki yabi komai. Duk mai sayar da mota yana da abin da yake ɓoyewa. Ki bar ni da shi."

Na ce, "To, ranka ya daɗe, injiniya."

Mun sami motar a gindin mangwaro a ƙofar gidan Malam, an rufe ta da tamfol. Da aka yaye, sai ga ta doguwa, ruwan toka, ganye ya taru a kan gilashinta. Malam ya fito daga zaure, dattijo ne siriri mai farin gemu, yana tafe a hankali. Muka gaisa, ya tambayi maigidana da yara kamar ya san su. Ƙanen mijina ya gyara tsayuwa zai fara tambayoyi, Malam ya ɗaga hannu.

"Ɗana, dakata tukuna. Bari in gaya muku aibinta kafin ku gani, don ba ya halatta in sayar muku da abu in ɓoye cutarsa."

Ya fara zagaya motar muna biye da shi. Ya ce ƙofar baya ta hagu ba ta buɗuwa ta ciki. Esi mai sanyaya cikin mota yana aiki ranar da ya ga dama. Lagireto, tankin ruwan sanyaya inji, ya taɓa yoyo an gyara. Mai kuwa tana shan sa kamar an aiko ta. Sannan mai keke mai ƙafa uku ya taɓa dukanta ta baya a wajen Kawo, an yi mata bodi an sake fenti.

Ƙanen mijina ya ciro maganaɗisunsa ya manna a gefen but, wurin sa kaya na baya, don in an cike wuri da ƙwaɓin masu gyaran bodi ba ya kamawa. Ya kama daram. Malam ya riƙo hannunsa ya matsar da shi ƙasa kaɗan.

"Ba nan ba ne, nan ne."

Maganaɗisun ya faɗi ƙasa. Na juya baya ina gyara mayafi don kada su ga dariyata.

Injiniya bai haƙura ba. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar baƙin mai ya shafa a yatsa ya sansana. Ya danna kowace kusurwa ta motar ya saki, ya ga ba ta lilo. Ya sa na tayar da ita yana kallon hayaƙin salansa. Daga nan ya shimfiɗa tabarma ya shige ƙarƙashi da tocila, ƙafafunsa kaɗai muke gani. Aka kawo mana kunun zaƙi daga cikin gida, muna sha ni da Malam muna hirar masara da waken soya. Ashe shi ma ɗan manoma ne, karatu ya kawo shi Kaduna tun yana saurayi.

Can sai muka ji murya daga ƙarƙashin mota, cike da farin ciki.

"Allah ya gafarta Malam, robar da ke rufe ƙarfen tayar gaba ta yage. Giris duk ya zube."

Malam ya ajiye kofi, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa. Ya ce wallahi bai sani ba, ya yi ta godiya, ya ce lallai a cire kuɗin gyaran a ciniki. Ƙanen mijina ya fito da ƙasa a ƙeyarsa, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Saura abu ɗaya. Kusa da giya akwai wani ƙaramin giya, wanda ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Malam ya ce tun da motar ta zo hannunsa ba a taɓa taɓa shi ba, daga masallaci sai ɗaurin aure sai asibiti, duk a kan kwalta. Saboda haka ba zai ce yana aiki ba, ba zai ce ba ya yi ba. Ni kuwa don wannan giyan nake neman motar. Muka ce za mu je mu gwada, Malam ya ce a jira shi ya ɗauko hularsa.

Ni na ja motar, Malam a gefena, ƙanen mijina a baya. Muka nufi wajen Rafin Guza, inda ruwan daren jiya ya mayar da wata hanya caɓi. Na shiga a hankali. Muna tsakiya tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya, laka tana tashi. Malam ya kama ƙarfen da ke saman ƙofa yana salati ƙasa-ƙasa.

"Matar yaya, taka birki, ki sa giya a firi, ki jawo ƙaramin giyan zuwa baya da ƙarfi."

Da farko ƙaramin giyan ya ƙi motsi. Na sa hannu biyu, ya shiga da wata ƙara. Na mayar da giya na taka mai kaɗan. Motar ta yi gurnani, ta ɗaga hanci, ta fita daga caɓin a natse, ta haye tudun da ke gaba kamar a kan kwalta take.

Sai Malam ya fara dariya, kafaɗunsa suna rawa, har ya cire tabarau yana goge ido.

"Ashe haka take? Duk zaman nan da muka yi da ita, ashe ban san ta ba." Ya juyo ya kalle ni. "Hajiya, in ba damuwa, a sake bi ta ciki."

Na juya motar muka sake bi. Wannan karon bai riƙe ƙarfen ƙofa ba, ya sauke gilashi yana leƙen tayoyi har laka ta fantsamar masa a hannun riga.

Da muka koma Unguwar Kanawa aka yi ciniki a zaure cikin ɗan lokaci, aka yi addu'a aka shafa. Uwargidan Malam ta aiko a tambaye shi ina ya je ya ɓata rigarsa haka, ya ce a gaya mata yawon buɗe ido ya je.

Da masara ta nuna a shekarar nan na bi ta gidansa na ɗauke shi zuwa gona. Ya zauna a gindin ɗorawa aka gasa masa ɗanya, ya ci biyu, ya zagaya kunyoyi yana gaya mini na cika shuka kusa-kusa. Da la'asar ya ja mu salla a bakin gona, muka ɗora buhu guda a but muka kai masa gida.