Bindigar da Kawu Ya Zaɓa a Doha

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da kawuna ya shimfiɗa hoton bindiga a teburin manajanmu ba.

Lokacin ina tuƙi a wani kamfani da ke tura masu gadi wurare a Doha, ina zaune a unguwar Old Airport. Ni na yi wa Kawu, ƙanen mahaifiyata, hanya ya zo kamfaninmu. A gida maharbi ne na gaske, amma da ya iso sai aka tura shi gadin garken raƙuma da tumaki can cikin sahara, aka miƙa masa usur da tocila. Abin ya ci masa rai.

Juma'ar farko da ya zo hutu ɗakina, ko zama bai yi ba ya ce, "Ɗana, akwai kura a wurin nan, na ga sawunta. Buɗe wayarka mu zaɓi bindiga."

Na san babu wata kura. Na kuma san baƙon ma'aikaci irinmu ko zancen bindiga bai isa ya yi ba a ƙasar nan. Amma da wane baki zan ce wa ƙanen uwata bai san sawun dabba ba? Na ce a raina bari in biye masa, zai gaji.

Ashe ni zan gaji. Juma'a uku muna abu ɗaya! Ya ƙi doguwa, wai za ta dame shi cikin yashi. Ta hannu yake so, mai gidan harsashi shida da ke juyawa, don ita ba ta cijewa. Na nuna masa wata, ya ja tsaki, "Wannan ko gafiya sai ta raina ka." Ina karanta Turanci ina fassara masa nauyi da tsawon baki da ƙarfin bugu, abincina na hucewa, abokan ɗakina 'yan Ghana suna danne dariya. Daga ƙarshe ya tsaya kan wata ƙatuwa da aka ce har zaki tana kayarwa. Na ce alhamdulillahi, an rabu.

Ranar Lahadi ya ce in raka shi ofishin kamfanin a unguwar Al-Sadd in yi masa tafinta, wai maganar aiki ce. Ashe ya je shago an buga masa hoton a takarda, har da launi. Ya ajiye ta gaban manaja ya ce, "Gaya masa wannan nake so, da harsashi kwali biyu."

Manajan ya dubi takardar, ya dube mu, ya tambayi wanda ya nemo masa wannan. Kafin in yi tunanin abin faɗa, Kawu ya dafa kafaɗata yana alfahari, "Ɗana ne, ya san kan waya." Wannan kam bai buƙaci tafinta ba.

Na yi rantsuwa, na yi bayani har bakina ya bushe. Aka kira mai garken, ya ce ba wata kura, karnukan da ke yawo ne ke shiga cin ragowar abinci. Manaja ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare. Ni aka ba ni takardar gargaɗi ta ƙarshe, Kawu kuwa aka sallame shi. Muna saukowa daga bene ya ce, "Fassararka ce ba ta yi ƙarfi ba."

Bayan ya koma gida, mahaifiyata ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Kai da ka san ƙasar, me ya hana ka gaya masa?"

Na ɗauka ladabi nake yi, alhali aikin dattijo nake kashewa da shiruna. Tun daga ranar, in babba ya kama hanyar da na san ba ta ɓullewa, nakan durƙusa in gaishe shi, sannan in faɗa masa gaskiya tun a ranar farko.