Teburin da Baba Ya Yaye Ni da Shi

Babanmu kafinta ne a Tudun Wada. Duk yaron da ya gama koyon aiki a hannunsa, sai Baba ya tara maƙwabta, a raba goro da dabino, a yi addu'a, ya miƙa masa sabuwar guduma. Yaye ke nan. Yakan ce sana'ar da ba a yaye mai ita ba, ko ta cika aljihu ba ta da albarka.

Ni kuwa da na gama jami'a da bautar ƙasa, na dawo gida na ce ba zan nemi aikin ofis ba. Manhajar waya zan haɗa, wadda mai neman tela ko kafinta zai ga aikinsu ya kira su. Baba ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce, "To, wa ya yaye ki?"

Na ce, "Baba, ai ga digirina."

"Takarda na tambaye ki?"

Daga nan bai sake tayar da zancen ba, kuma shirun nan ya fi faɗa yi mini ciwo. Amma taurin kai a wurinsa na gada. Na kife turmin Inna a inuwar tsakar gida, na ɗora kwamfuta a kai, na naɗe ƙafa a tabarma na kama aiki. In girki ya taso sai Inna ta tsaya a kaina da taɓarya. "Hajiya manaja, a ɗaga kamfanin nan, zan daka yaji."

Manhaja ta kammala, teloli sun yarda za su shiga. Abokiyar aikina, 'yar unguwar Mahuta da muka yi karatu tare, kullum sai ta bugo waya: "Wai yaushe za mu fara ne?" Ni kuma ina ta kawo mata uzuri. Gaskiyar ita ce ba zan iya farawa ba tare da albarkar Baba ba, kuma na kasa buɗe baki in roƙa.

Wata rana na fito daga ɗaki na tarar da Baba tsugune gaban turmin, tef ɗin awonsa a hannu. Da ya gan ni ya yi wuf ya cusa shi a aljihu, ya ce ƙuda yake kora.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka ce in fito zaure. Ga liman, ga maƙwabta, ga goro da dabino a faranti. A tsakiya kuma ga teburin maɗaci, ya sha goge yana sheƙi, amma gajere, tsayinsa daidai da na turmin Inna. Ashe Baba ya ɗauka haka ake aikin kwamfuta, a zaune a ƙasa. Dariya ta taso mini, kuka ya riga ta.

Ya dafa teburin ya ce wa mutane, "Ban koya wa yarinyar nan komai ba, abin da take yi ma ban gane shi ba. Amma na lura ba ta tashi sai ta gama, kuma da haka nake gane mai sana'a. Na yaye ta. Allah ya yi mata albarka." Aka shafa. Washegari muka fara.

Yanzu muna da ƙaramin ofis a Barnawa, kowa da kujerarsa mai juyawa. Ni kaɗai nake zama a darduma gaban gajeren teburin Baba, har baƙi kan zaci salla na idar. Kwanaki abokiyar aikina ta ce, "Haba, kafintoci nawa ne a manhajarmu? A kira ɗaya ya ƙara masa ƙafa mana."

Na ce mata a'a. Wanda ya auna shi ya riga mu gidan gaskiya, kuma yaron da aka yaye ba ya gyara aikin maigidansa.